Allura, Ashanar Hannu ko Robar Mahaifa: Wacce Ta Dace da Mai Jego?

Galibi ranar da mai jego ta kai jariri rigakafin sati shida ne nas ke jefo mata tambayar: "Maman yaro, wanne za ki yi?" Layi ya yi tsawo, yaro na tsala kuka, wata na bayanta tana jira. Sai ta ce a yi mata allura, domin ita ta saba ji a bakin maƙwabta, kuma ita ce ba ta da ban tsoro. Da yawa daga masu allura a garuruwanmu ba zaɓarta suka yi ba, ita suka sani. Alhali hanyoyin nan uku da ake samu a sashen tazarar haihuwa na asibitocin gwamnati sun sha bamban ƙwarai, kuma bambancin nasu ba a inda mutane ke zato yake ba.

Dalilin tazarar kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, abin da ya yi daidai da shekara biyu cikakku na shayarwa da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Iyayenmu sun san illar kwanika tun kafin a zo da ƙididdiga, shi ya sa mace kan tafi gida wanka ta daɗe, wata ma sai ta yaye. Yau wannan dogon zaman ya yi wuya. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, kuma matan aure 12 cikin 100 ne kawai ke amfani da hanyar zamani ta tazara. Cikin da ya zo a kan jikin da bai gama farfaɗowa ba shi ne ya fi zuwa da ƙarancin jini, da haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi.

Kafin mu shiga ukun, akwai wadda za ta ce ai tana shayarwa, ba ta buƙatar komai. Gaskiya ne nono yana hana ciki, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu: jariri bai wuce wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Da zarar an fara koko da madarar gwangwani, ko yaro ya fara kwana bai tashi shan nono ba, garkuwar ta fara tsagewa. Abin da ke yaudarar mata shi ne ƙwai yana iya fita kafin jinin al'ada na farko ya bayyana. Mai jiran ta ga jini kafin ta je asibiti tana iya zuwa da ciki na wata biyu.

Ta fuskar hana ciki, ashana da roba suna gaba. Cikin mata 100 da suka sa ashana ko robar mahaifa, wadda za ta yi ciki a shekara ba ta kai ɗaya ba. Masu allura kuwa kimanin huɗu ne cikin 100, kuma ba don maganin ba shi da ƙarfi ba, sai don ranar komawa kan wuce: an yi rasuwa, an tafi biki, an je an tarar allurar ta ƙare. Masu shan ƙwayar hana ciki kimanin bakwai ne, saboda mantuwa. Amma a ganina wannan lissafin ba shi ne ya kamata ya yanke hukunci ba, domin duka ukun suna aiki. Abin da ke sa mace ta ci gaba da hanya ko ta watsar da ita shi ne yadda take juya mata jini, da lokacin da take son cikin gaba, da nisan da ke tsakaninta da wanda zai yi mata ko ya cire mata.

Allura

Iri uku ake yawan gani. Akwai Depo-Provera ta wata uku da ake yi a dantse ko a ɗuwawu, akwai Noristerat ta wata biyu, sai Sayana Press, ita ma ta wata uku, wadda ke zuwa a 'yar ƙaramar roba da gajeriyar allura a jikinta, ana yin ta a ƙarƙashin fatar cinya ko ta ciki. Nijar na cikin ƙasashen farko da aka fara gwada Sayana Press a 2014, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda. Yanzu a Najeriya ma ana koya wa mace ta yi wa kanta a gida: a girgiza robar sosai, a danna murfin har ya haɗe da jikinta, a tsunkuli fata, a soka, a matse a hankali. Ga matar da ke kulle, ko wadda asibiti ya yi wa nisa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda ana iya ba ta ta tafi da ita gida.

Kyawun allura shi ne sirri da sauƙi. Ba a buɗe miki jiki, babu abin da aka bari a cikinki da wani zai taɓa ya ji, ba ta rage nono, kuma mai shayarwa tana iya farawa daga sati shida. Idan ranar komawa ta wuce, mai Depo tana da rangwamen har sati huɗu, mai Noristerat sati biyu, ba tare da an ce sai an yi gwajin ciki ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Mata suna ɗaukar allura a matsayin hanya "ta ɗan lokaci", su ɗauki ashana da roba a matsayin masu nauyi. A wajen dawowar haihuwa abin akasin haka yake. Bayan allurar Depo ta ƙarshe, matsakaicin lokacin da mace ke ɗauka kafin ta samu ciki kusan wata goma ne, wata kuma sai ta haura shekara. Ba rashin haihuwa ba ne, jinkiri ne, kuma yana wucewa. Sai dai wa zai yi wa uwar miji wannan bayanin? Yarinya ta daina allura don maigida ya ce lokaci ya yi, wata shida shiru, wata tara shiru, sai a fara cewa allura ta ƙona mata mahaifa, a shiga neman magani wajen masu sassaƙe, wani lokaci har maganar ƙarin aure ta taso. Yawancin mummunan sunan da tazarar haihuwa ta yi a unguwanni daga nan ya samo asali, kuma da an faɗa wa mace tun ranar farko da ba a kai ga haka ba.

Abu na biyu, allura ba a cire ta. In ta shiga ta shiga. Ko ba ta karɓe ki ba sai kin jira ta gama aikinta. Tana kuma sa ƙiba, wajen kilo ɗaya zuwa biyu a shekara ga mata da yawa. Wasu wannan ne ma ke burge su, wasu kuwa shi ke korar su. Tana ɗan rage ƙarfin ƙashi muddin ana yin ta, amma yakan dawo bayan an daina.

Ashanar hannu

'Yar roba ce mai laushi, tsawonta da kaurinta kamar tsinken ashana, ana sa ta a ƙarƙashin fatar dantse ta ciki, a hannun da ba ki fiye aiki da shi ba. Implanon guda ɗaya ce, shekara uku take yi. Jadelle guda biyu ce, shekara biyar. Yadda ake sa ta: za ki kwanta ki lanƙwasa hannu, a goge wurin, a yi allurar kashe zafi, ita ce ma kaɗai ke da ɗan raɗaɗi, sannan a tura ta da wani bututu. Minti kaɗan an gama, a manna filasta a naɗe da bandeji. Kafin ki tashi, ki ce a ɗora yatsanki a wurin ki ji ta da kanki. Wurin zai yi tsami da ɗan baƙi na 'yan kwanaki, bayan nan ki yi daka, ki ɗebo ruwa, ki goyi ɗanki, babu abin da za ta hana.

Ana iya sa ta tun ranar haihuwa kafin a sallame ki, ko da kina shayarwa, ba sai an jira arba'in ba. Tun 2014 Najeriya ta amince a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa sa ta, shi ya sa ta isa ƙananan asibitocin karkara inda babu likita. Kuma shekara uku ko biyar ɗin nan iyakarta ce, ba wa'adin da aka ɗaure ki da shi ba. In kin so ciki bayan shekara ɗaya da rabi, a cire, haihuwa ta dawo nan take. Wata ma a watan da aka cire take samu. Da wuya ƙwarai ta yi yawo ta tafi zuciya kamar yadda ake faɗa a gidan suna. Abin da kan faru shi ne a sa ta da zurfi fiye da kima, ko mace ta yi ƙiba, sai lalubo ta ya yi wuya, a tura ta babban asibiti.

Matsalarta biyu ce, kuma duka na gaske ne. Ta farko cirewa: sai an ɗan tsaga fata, kuma sai wanda ya iya. Sau da yawa ana sa ta kyauta a gangamin kwana biyu, masu sawa su naɗe kayansu su tafi, ranar da mace ta so cirewa ta rasa mai yi mata, ko a ce ta kawo kuɗin kayan aiki, ko a ce ta yi haƙuri lokaci bai yi ba. Wannan zalunci ne. Jikinki ne, duk ranar da kika ce a cire haƙƙinki ne a cire. Ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce jini, kuma za mu zo kanta.

Robar mahaifa

Wannan ita ce aka fi tsoro kuma aka fi yi wa rashin adalci. 'Yar roba ce mai siffar harafin T, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, an naɗe ta da jan ƙarfe, ana sa ta a cikin mahaifa ta gaba. Tana kai shekara 10 zuwa 12. Babu wani sinadarin da take zubawa a jini, saboda haka ba ta sa ƙiba, ba ta taɓa nono, ba ta tayar da hawan jini, ba ta rikici da kowane magani, al'ada kuma tana zuwa a kan lokacinta. Ranar da aka zare ta, haihuwa ta dawo.

Abin da ke korar mata daga gare ta kunya ce da fargaba. Sai an kwanta an buɗe, an sa ƙarfen dubawa, kuma akwai murɗar mara lokacin sawa da bayanta. Kina da damar cewa mace kike so ta yi miki. Akwai siraran zare biyu da ake bari a bakin mahaifa don cirewa. In maigida ya ce yana jin su, a koma a rage tsawonsu, ba sai an cire robar ba. Ba ta haurawa ƙirji, kuma da wuya ƙwarai ta huda mahaifa ta shiga ciki. Takan iya zamewa ta fito ga mata kaɗan, musamman a watannin farko, shi ya sa ake cewa a dawo a duba bayan al'adar farko. Lokacin sa ta ma yana da ƙa'ida: ko dai cikin awa 48 da haihuwa, har da lokacin tiyata ga wadda aka yi wa aiki, ko kuma a bari sai bayan sati huɗu. Ba a sa ta ga mai ciwon sanyi da ke fitar da ruwa mai wari ko ciwon mara sai an yi magani ya warke.

Akwai wata robar mai ɗauke da sinadari maimakon jan ƙarfe, wadda ke rage jinin al'ada sosai. Ta fara samuwa a wasu asibitoci, amma ba ko'ina ba. Mai yawan zubar jini ta tambaya ko akwai.

Maganar jini

A nan ne ya kamata mace ta tsaya ta yi tunani sosai, domin kowacce da irin nata. Allura takan fara da ɗigo da rikicewar kwanaki a watannin farko, daga baya jinin ya yi ta raguwa, har kusan rabin masu yin ta su daina gani gaba ɗaya bayan shekara. Ashana ba ta da tabbas: wata jininta ya ɗauke, wata ya riƙa zuwa jefi-jefi, wata kuwa, kamar ɗaya cikin biyar, ya riƙa yi mata ɗigo na kwanaki masu yawa, kuma ba lalle ya daidaita ba ko an daɗe. Robar jan ƙarfe ba ta rikita kwanaki, amma tana ƙara yawan jinin da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko.

Ɗaukewar jini ba cuta ba ce. Ba taruwa yake yi a ciki ba. Shimfiɗar mahaifar ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba, kamar dai yadda yake ɗaukewa lokacin shayarwa. Ga macen da ake ta ce wa jininta ya yi ƙasa a wajen awo, wannan ma riba ce. Ita kuwa robar jan ƙarfe, mai ƙarancin jini ko mai al'ada mai ƙarfi tun asali ta yi hattara da ita.

Ɗigon nan kuma likita zai ce ba shi da illa, kuma gaskiyarsa. Amma likita ba shi ne zai tsaya gaban buta da asuba yana tunanin ko ya yi salla ko kada ya yi ba. Ga Musulma, ɗigon da ba shi da kai ba shi da gindi yana taɓa salla, da azumi, da shimfiɗar aure, ga yawan wanka a lokacin hunturu. Da yawa daga masu cire ashana kafin shekara wannan ne dalilinsu. Fiƙihu bai bar matsalar a buɗe ba: a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, kuma mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana uku ne a kan kwanakinta muddin ba su haura 15 ba, abin da ya biyo baya jinin cuta ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Yadda za a lissafa ɗigon da ke zuwa yana ɗaukewa kuwa, a zauna da malamar Islamiyya a warware shi tun kafin a sa, ba sai an shiga ruɗani ba. Asibiti ma suna da magungunan kwana kaɗan da ke tsayar da shi, don haka a koma a faɗa kafin a yanke shawarar cirewa. Wadda ta san zuciyarta ba za ta jure rashin tabbas ba, robar jan ƙarfe ta fi mata kwanciyar hankali, ko da jinin ya ɗan ƙaru. Kuma in da hali, kada a fara allura ko ashana ana gab da azumi, tunda watannin farko ne suka fi rikici.

To wa ya kamata ta ɗauki wacce?

Mai ɗa ɗaya ko biyu da ke son ta yaye ta sake ɗauka, ashana zan nuna mata, ko roba. In ta nace sai allura, to ta daina wata tara ko goma kafin lokacin da take son cikin, kuma maigida ya san da wannan lissafin. Amaryar da aka kai ɗaki da ƙuruciya, ake so ta ɗan ƙara girma ko ta gama makaranta, ita ma ashana ta fi mata, domin ita ce ido ke kanta. Jinkirin shekara bayan allura zai iya jefa ta cikin gorin da ba za ta iya ɗauka ba. Ƙarancin shekaru ba ya hana ko ɗaya daga cikin ukun, kuma jinkirta cikin fari har ƙugu ya ƙosa yana cikin abin da ke rage doguwar naƙuda, wadda ita ke cika cibiyoyin yoyon fitsari irin na Babbar Ruga a Katsina da Danja kusa da Maraɗi.

Uwargida mai 'ya'ya bakwai ko takwas, wadda jiki ya gaji, robar mahaifa ce tata: sau ɗaya, shekara goma, wataƙila ta kai ta har ɗaukewar al'ada. Wadda aka yi wa tiyata, ko aka yi wa gyaran yoyon fitsari, tana buƙatar hanyar da ba ta da "na manta", wato ashana ko roba, har tabon ya yi ƙwari.

Sai masu larura, kuma a nan dole a gaya wa ma'aikaciya gaskiya. Mai shan maganin tarin fuka, musamman rifampicin, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da mai shan efavirenz na ƙanjamau, waɗannan magunguna suna rage ƙarfin ashana har a iya yin ciki da ita a hannu. Allurar Depo ko roba ta fi musu. Mai hawan jini mai tsanani, 160 bisa 100 ko sama, ta kauce wa allura, ta ɗauki roba ko ashana. Mai sikila allura ta dace da ita, ashana ma haka, amma ƙarin jinin da robar jan ƙarfe ke jawowa abin dubawa ne. Mai kansar nono robar jan ƙarfe kaɗai. An daɗe ana fargabar ko Depo na ƙara haɗarin kamuwa da ƙanjamau; wani babban bincike a kan mata sama da 7,800 a Afirka ta Kudu da Kenya da Zambiya da Eswatini, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, bai ga wani babban bambanci tsakanin hanyoyin nan uku ba. Sai dai babu ɗayansu da ke kare mace daga cutar, ko daga ciwon sanyi na jima'i. Wannan aikin kwaroron roba ne.

Ƙwaya ban sa ta a sahun gaba ba don mai jego barcinta ma ba shi da lokaci, balle shan magani. Mai sinadari biyu ba ta dace da mai shayarwa ba sai jariri ya kai wata shida, ƙaramar ta masu shayarwa kuwa in aka makara fiye da awa uku ƙarfinta ya ragu. Ta fi dacewa da wadda mijinta ke ci-rani a Legas ko Kumasi, ta san lokacin zuwansa, ta fara da wuri.

Batun maigida, in ana iya zuwa tare ya fi. A Damagaram an gwada makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma abin ya karɓu har ya bazu zuwa wasu jihohin Nijar. Namijin da ya ji da kunnensa cewa jini zai rikice na 'yan watanni ba zai ɗaga hankali ba idan ya gani.

Kayan tazara kyauta ne a asibitocin gwamnatin Najeriya tun 2011, a Nijar ma kyauta ne, ko da yake akan nemi kuɗin kati ko safar hannu ko gwajin fitsari, kuma kaya kan yanke. Kafin ki bar ɗakin, ki tambayi sunan abin da aka yi miki, a rubuta a kati tare da ranar komawa ko ranar cirewa, ki tambayi inda ake cirewa da nawa ake biya. In kuma kika ga jini mai gudaji da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani bayan an sa roba, ko wurin ashana ya kumbura yana ruwa, ko alamun ciki, kada ki jira ranar da ke kan kati, ki koma a ranar.